Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Hikimar Datse Hanyar Guzuri a Wasannin Yaƙi na Taswira

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli gwanaye biyu suna fafatawa a irin wasan nan na taswira wanda Turawa suka ƙaga don kwaikwayon yaƙe-yaƙen da suka shuɗe, lalle zai lura da wani abu mai ban mamaki, wato ba safai idon wanda ya fi ƙwarewa a cikinsu yakan tsaya a bakin daga ba, inda rundunoni suka yi cirko-cirko suna harara juna, sai dai ka ga hankalinsa ya tafi can baya, wajen wata 'yar gada, ko mararrabar hanyar jirgin ƙasa, ko wata tashar jiragen ruwa wadda ko soja guda babu a cikinta. Shi kuwa sabon shiga, da yake zuciyarsa cike take da labarin jarumai, babu abin da ya sani sai tara dakaru wuri guda ya auka wa abokin gaba ta goshi, kuma ba zai farga ba sai sa'ad da aka ce masa ya ɗaga rabin rundunarsa daga kan taswira ya mai da cikin akwati, alhali kuwa ba a harba mata ko harsashi ɗaya ba. In ya nemi dalili, sai a nuna masa waccan 'yar gada da ya raina, a ce masa ai ta nan abincin mutanensa yake bi, ga shi kuwa tun zagaye biyu da suka wuce tana hannun wani.

Asalin wannan wasa daga ƙasar Furushiya ne, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus. A shekarar 1812 wani mutum mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkin ƙasar wani teburi da ya tsara don kwatanta yaƙi, sa'an nan a 1824 ɗansa, wanda yake hafsa ne a sashen igwa, ya gyara ƙa'idojin, ya mai da wasan bisa taswirar ƙasa ta haƙiƙa, ya sa jan launi ga ɓangare guda da shuɗi ga ɗayan, kāna ya naɗa alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ya san inda kowa yake. Da aka gwada shi a gaban Janar Müffling, babban hafsan hafsoshin ƙasar, sai ya yanke hukunci cewa wannan abu ya wuce wasa, horon yaƙi ne sosai, ya kuwa ba da shawara a yaɗa shi cikin rundunoni. Bayan da Furushiya ta karya Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran dauloli suka shiga kwaikwayonsa. Amma yaɗuwarsa sosai cikin ɗakunan talakawa sai a Amurka ta auku, inda wani mai suna Charles Roberts ya buga wasan da ya kira Tactics a 1954, sa'an nan ya kafa kamfanin Avalon Hill a 1958, kuma daga nan ne siffar da aka sani yau ta kankama.

Siffar kuwa ita ce, ana shimfiɗa taswirar wata ƙasa da aka yi yaƙi a kanta, da kogunanta da duwatsunta da hanyoyinta, an rarraba ta gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, domin tafiya ta kowace fuska ta zama daidai wa daida. Rundunoni kuwa 'yan gutsattsarin kwali ne waɗanda ba su fi farcen babban yatsa ba, an buga wa kowanne lambobi masu nuna ƙarfinsa wajen hari, da ƙarfinsa wajen tsaro, da yawan gidajen da zai iya ketawa a zagaye guda. In za a gwabza, sai a auna ƙarfin mai hari da na mai tsaro, a ga ko biyu ne bisa ɗaya ko uku bisa ɗaya, a jefa ɗan lido, a duba jadawali a karanta natija. Na san mai karatu wanda ya yi zaman zaure zai tuna abin da ya zo a Muwaɗɗa game da nardu da shaɗaranji da zarar ya ji an ambaci ɗan lido. Wannan mas'ala ce ta malaman fiƙihu, ba ita ta tara mu ba, abin da dai zan ce shi ne masu wasan sun sa shi ne a matsayin abin da ba ya hannun kwamanda, kamar ruwan sama, da ɓatan manzo a hanya, da firgitar da kan faɗa wa sojoji ba dalili.

To, a nan ne wannan wasa ya rabu da shaɗaranji da kuma dararmu ta gida. A dara, ɗan da ka ajiye a rami yana nan da ƙarfinsa ko da zai kwana arba'in ba ka taɓa shi ba, ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman harawa. Runduna kuwa ba haka take ba, kuma masu tsara waɗannan wasanni, da yake sun karanta tarihi, sun san cewa mafi yawan abin da ya halaka rundunoni tun zamanin da, yunwa ce da ƙishirwa da cuta, takobi ya zo ne daga baya ya ƙarasa. Saboda haka suka kafa sharaɗi cewa a kowane zagaye wajibi ne mai wasa ya iya bin layi da yatsansa, gida bayan gida, daga kowace rundunarsa har zuwa wata ma'ajiya, ko tashar ruwa, ko gefen taswirar da ke fuskantar ƙasarsu, ba tare da layin ya ratsa ta gidan da abokin gaba yake ba. Wannan layi shi ne hanyar guzuri, kuma guzuri a nan ya tattara abinci da harsashi da man fetur da magani duka. Rundunar da ta kasa nuna layinta, hukuncinta ya bambanta daga wasa zuwa wasa: a wani a rage rabin ƙarfinta, a wani a hana ta kai hari, a wani a taƙaita tafiyarta, a wasu tsofaffin wasannin Avalon Hill kuwa in ta cika zagaye biyu a yanke, sai a ɗauke ta ɗungum.

Sai kuma ƙa'ida ta biyu, wadda ita ce ta ba wa ta farin haƙora. Kowace runduna, ban da gidan da take zaune, tana da iko bisa gidaje shida da ke kewaye da ita, abin da za mu iya kira huruminta, kamar yadda gari yake da hurumi a bayan ganuwarsa. Ma'anarsa kuwa ita ce nisan da igwoginta da 'yan sintirinta suke kaiwa. Ayarin guzurin abokin gaba ba shi da izinin ratsa wannan hurumi. Wanda ya zauna ya yi hisabi zai ga abin da ke cikin wannan na hikima, domin in runduna tana zaune a gida guda, gidaje shida ne kaɗai mafitarta, kuma ba sai ka cika dukansu da sojoji ba. Ya isa ka ajiye wata 'yar runduna a gabas da ita, wata a yamma, kowacce ta zauna a gida ɗaya huruminta ya rufe biyu, shi ke nan shida sun cika, ƙawanya ta haɗu. Ta haka 'yan kwalaye biyu marasa ƙarfi, waɗanda in da za su kai hari da an murƙushe su nan take, sukan shaƙe ƙasaitacciyar runduna har ta mutu a tsaye. Ɗauki misali, runduna mai ƙarfin tsaro 12: kafin ka sami rinjayen uku bisa ɗaya, wanda shi ne gwargwadon da masu wasa suka fi natsuwa da shi, sai ka tara 36, amma in wasan yana rage rabin ƙarfin wanda aka yanke, ka kuwa datse mata hanya tukuna, 18 sun wadatar, sauran 18 ka aika su wani aiki. Bugu da ƙari, in jadawali ya ce ta ja da baya alhali babu gidan da za ta shiga sai hurumin maƙiyi, to ta halaka ke nan.

Babu fagen da ya fi bayyana wannan darasi kamar hamadar Libiya da Masar, inda Janar Romel na Jamus da abokansa Italiyawa suka yi ta kai-da-komo da Ingilishi daga 1941 zuwa ƙarshen 1942. Daga Turabulus, babbar tashar da kayansa suke sauka, zuwa El Alamein inda aka tsai da shi, tafiyar ta kai kimanin kilomita 2,000, wato kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Ikko ya komo, kuma kusan duk bisa hanya guda da ke bin gaɓar teku, ba jirgin ƙasa a mafi yawanta, sai motoci waɗanda su kansu suke shanye wani babban kaso na man da suka ɗauko kafin su isa. A cikin teku kuma ga tsibirin Malta a hannun Ingilishi, daga nan jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suke farautar jiragen da ke tasowa daga Italiya. Wasan Afrika Korps, wanda Avalon Hill ya fitar a 1964, ya kama wannan hali da wata dabara mai sauƙi: guzuri shi kansa ɗan kwali ne da ake turawa bisa hanya, ba a kai hari sai yana kusa, in an kai kuwa an cinye shi, kuma mai riƙe da Jamus sai ya jefa ɗan lido ya ga ko kayansa sun tsallake teku ko sun nutse. Sai ka ga mutum da tankoki jibge a ƙofar Masar, nasara tana yi masa murmushi, amma ba shi da abin da zai motsa su, yana zaune yana ƙirga gidajen da suka rage wa ayarinsa.

Ko jarkar nan da muke ɗiban ruwa da kananzir da ita, a wannan yaƙi ta yi suna. Jamusawa ne suka ƙera ta, mai cin lita 20, mai ƙarfi wadda ba ta yoyo, alhali gwangwanayen Ingilishi na wancan lokaci sukan fashe man ya tsiyaye cikin rairayi. Da Ingilishi suka ga haka sai suka riƙa kwasar na maƙiyi ganima, daga baya suka kwaikwaya, suka laƙaba mata sunan da suke tsokanar Jamusawa da shi, wanda bakinmu ya lanƙwasa ya zama jarka.

Amma babbar ƙawanya wadda masu wasa ba su gajiya da maimaita ta, ita ce ta Stalingrad. Runduna ta shida ta Jamus, ƙarƙashin Janar Paulus, ta nutsa cikin birnin tana yaƙi gida-gida, ta bar gefunanta biyu a hannun sojojin Romaniya waɗanda ba su da isassun makaman fasa tanka. Ran 19 ga Nuwamba 1942 Rashawa suka fasa ta arewa, kashegari suka fasa ta kudu, ran 23 ga wata hannuwan biyu suka haɗu a wajen garin Kalach, mutum fiye da 250,000 suka wayi gari a cikin jaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Rashawa sun nemi tsagar a inda bangon ya fi rauni. An yi wa Hitila alkawarin ciyar da su ta sama, domin a farkon wannan shekara an yi haka a Demyansk an dace. Amma abin da jirage suka iya kaiwa bai kai ko rabin mafi ƙarancin bukatarsu ba, har suka cinye dawakansu, kuma zuwa ran 2 ga Fabrairu 1943 kome ya ƙare, aka kama kimanin 91,000, waɗanda a cikinsu 'yan dubbai kaɗan ne suka sāke ganin gida. A kan taswirar wasa, duk wannan bala'i bai wuce a juya 'yan kwalaye ashirin a ajiye su gefe ba, kuma ina ganin ya kamata mai wasa ya riƙa tuna haka lokaci-lokaci.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ɗauki rabin karatu. Rundunar da ka aika ta kutsa bayan abokin gaba don ta yanke masa hanya, ita ma tana da tata igiyar da take ja a baya, kuma gwargwadon nisan da ta yi, gwargwadon sirancewar igiyar. Ƙofar da ta shiga ta ciki sau da yawa ba ta fi faɗin gida ɗaya ko biyu ba, in abokin gaba yana da wasu tankoki a ɓoye ya rufe ta, sai mai kewayewa ya zama abin kewayewa. Masu wasa sukan shiga wani hali mai ban dariya inda kowa ya yanke kowa, har a koma ga littafin ƙa'idoji ana jayayya a kan wane ne za a fara duba guzurinsa, domin wanda aka fara dubawa shi zai fara raunana. Tarihi ma ya yi irin wannan, kuma bai jinkirta ba: makonni kaɗan bayan Stalingrad, Rashawa, da giyar nasara ta ɗebe su, suka zarce yamma har suka karɓi Kharkov, motocinsu suka yi nisa da ma'ajiyarsu, mai ya ƙare, sai Manstein, kwamandan Jamusawa, ya auka musu ta gefe a ƙarshen Fabrairu, ya yanke kawunan rundunoninsu, ya komo da birnin hannun Jamus a watan Maris na 1943. Garin neman gira aka rasa ido. Shi ya sa gwani ba ya tambayar kansa ko zai iya isa waccan gada kawai, sai ya haɗa da tambayar wa zai tsare masa ƙeya bayan ya isa, kuma ko wanda ya yanke zai riga shi faɗuwa.

Wajibi ne kuma a faɗi aibin wannan ƙa'ida ta bin layi da yatsa, domin tana da shi. Ita ba ta san tsaka-tsaki ba: ko dai kana da guzuri cikakke ko ba ka da kome, har ya zama layin da ya karkace ta cikin fadama da ƙungurmin daji gida arba'in hukuncinsa ɗaya da na hanyar jirgin ƙasa, alhali kowane madugu ya san bambancin hanyar da za ta ɗauki jaki goma da wadda za ta ɗauki ayari. Haka nan ba kowace rundunar da aka kewaye take narkewa da wuri ba, ga rundunar da aka kewaye a Tubruk nan ta jure kusan wata takwas a 1941 ana ciyar da ita ta teku da dare. Wasu masu tsarawa sun nemi gyara wannan har suka wuce gona da iri. Shahararren misali shi ne The Campaign for North Africa, wanda Richard Berg ya tsara, kamfanin SPI ya buga a 1979, wanda aka ƙiyasta cewa kammala shi zai ci sa'o'i 1,500 a hannun mutum goma. A cikinsa ana lissafin mai da ruwa da harsashi na kowace bataliya, da abin da zafin rana yake ƙafar da shi, har da wata ƙa'ida da ta wajabta ƙara wa sojan Italiya ruwa saboda dafa taliya. Wannan kam ya tashi daga wasa ya koma aikin akawu, kuma ban ga laifin wanda ya nannaɗe taswirarsa ya tafi barci ba. Zuwan kwamfuta ne ya sauƙaƙa al'amarin, da yake ita ba ta gajiya da hisabi: wasan Unity of Command na 2011, wanda aka gina shi bisa yaƙin Stalingrad, yana nuna wa mai wasa iyakar inda guzurinsa yake kaiwa, rundunar da ta fita daga ciki kuwa tana lalacewa mataki-mataki, haka kuma Hearts of Iron IV na 2016, wanda a 2021 aka sāke masa tsari ya rataya bisa hanyoyin jirgin ƙasa da manyan ma'ajiyoyi, har kama mararraba guda yakan durƙusar da fagen daga baki ɗaya.

Akwai kuma fage guda da ya gagari ƙa'idar nan ta asali, fagen da kakanninmu suka taka da ƙafafunsu, wato Bama. Dabarar Japanawa tun 1942 ita ce su sulale ta cikin daji su ɓullo bayan Ingilishi su toshe hanyar mota, su kuwa Ingilishi, da yake rayuwarsu ta rataya ga motoci, sai su watse su ja da baya suna zubar da kaya. Maganin da Janar Slim da mutanensa suka samo shi ne su raba kansu da hanya gaba ɗaya. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944 ana sako mata guzuri da laima daga jirgin sama, sa'an nan 'yan dako, waɗanda su ma sojoji ne cikin rundunar, su ɗauka a ka su bi da shi ta tsaunukan da ko alfadari yakan sha wuya. Mai tsara wasa a nan sai ya rasa inda zai ja layinsa, domin hanyar guzurin tana sararin sama, ƙarshenta kuma yana bisa gammo. Dole ya ƙago wata ƙa'ida dabam mai ƙirga yawan jirage da halin damina.

Japanawa kuwa ba su sauya dabara ba. A watan Fabrairu na 1944 suka kewaye runduna ta bakwai ta Indiya a Arakan, suna jiran ta watse kamar yadda aka saba, sai ta tsaya wuri guda jirage suna ciyar da ita, har masu ƙawanyar suka ji yunwa suka janye. Duk da haka a watan Maris Janar Mutaguchi ya tura rundunarsa ta ketare tsaunuka zuwa Imphal da Kohima da guzurin kimanin mako uku da garken shanu a baya, bisa zaton cewa zai ci daga rumbunan Ingilishi in ya kama su. Ya kuwa datse hanyar Imphal sarai, irin datsewar da a kan taswirar Avalon Hill da ta ƙare wasa cikin zagaye biyu. Amma jirage suka yi ta sauka da tashi a bayan ƙawanyar, shanun suka mutu a hanya, damina ta sauka, rumbunan ba su kamu ba. A ƙarshen watan Mayu Janar Sato, wanda ke jagorantar Japanawa a Kohima, bayan ya yi ta aika saƙo yana neman shinkafa da harsashi ba a kawo masa ba, ya juya da mutanensa ba da izinin shugabansa ba, abin da ba a saba ji ba a rundunar Japan, suka kama hanyar komawa kogin Chindwin cikin ruwan sama, da yawansu suna faɗuwa a gefen hanya.